Tanti 40 a ƙarƙashin gada: me za a fara yi, me za a bari sai ƙarshe?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata matsala da nake so mu zauna a kanta, domin birane da yawa a duniya sun rasa yadda za su yi da ita. Mu ɗauka mutanen da ba su da wurin kwana sun kafa tanti 40 a ƙarƙashin wata gada, su kusan 60, yau wata shida ke nan. Babu ban ɗaki, babu famfo, shara ta taru, har an taɓa yin gobara. Maƙwabta da masu shaguna sun kai kuka. Hukumar birni na da hanya uku a gabanta: ta turo 'yan sanda da motar shara a share wurin, ko ta bar su a nan ta kawo ruwa da ban ɗaki, ko ta nema musu gidaje sannan ta rufe wurin. Abin ba ƙarami ba ne. Ƙidayar da Amurka ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 marasa matsuguni, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan na 2023, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku a waje suke kwana. Waɗanda suka san aikin nan su taimaka mana dalla-dalla: me ake fara yi, kuma a ina abin yake lalacewa?

Alhaji Tukur:
Wa alaikumus salam. Ni zan fara da ɓangaren da ake yawan mantawa. Mai shagon da kullum sai ya wanke bahaya a ƙofarsa kafin ya buɗe, da uwar da 'ya'yanta ke bi ta wurin zuwa makaranta suna tsallake sirinji, su ma suna da haƙƙi. Gada kuma dukiyar jama'a ce, wuta in ta yi ƙarfi a ƙarƙashinta tana fasa kankare ta raunana ƙarfe. A ba su wa'adi su tashi. In an bari yau 40 ne, baɗi 100 ne.

Hajiya Asabe:
Alhaji, kukan maƙwabta gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma mu duba abin da ke faruwa a ranar sharar. Ana zuwa da sassafe. A ce wa mutum yana da minti 15 ko 20 ya kwashe abin da zai iya ɗauka. Wanda ya fita neman aikin yini ko ya tafi asibiti, sai ya dawo ya tarar da fili fayau. Abin da ke shiga motar shara ba tsumma kaɗai ba ne. Akwai katin shaida, takardar haihuwa, waya da cajarta, tabarau, magani, da 'yar takardar da aka rubuta masa ranar ganin ma'aikacin gidaje.

Kowanne daga cikin waɗannan yana jawo wani. Ba katin shaida, ba a cike masa fom ɗin gida, ba a ɗauke shi aiki, ba a buɗe masa asusun banki. Sabunta katin kuma sai da takardar haihuwa da adireshi, shi kuwa ba shi da ko ɗaya, sai abin ya ɗauki makonni ko watanni. Ba waya, in sunansa ya fito a jerin masu samun ɗaki babu yadda za a same shi, sai a ba na bayansa. Ma'aikaciyar da ta yi wata uku tana lallaɓa shi har ya yarda da ita, ta dawo ba ta san inda ya nufa ba. Mutanen kuma ba ɓacewa suke yi ba. Su 60 ɗin sai su watsu gida biyar ko shida, bakin rafi, gefen layin dogo, bayan masana'anta, wuraren da motar asibiti ba ta shiga. Bayan 'yan makonni wasu su dawo gadar.

A Los Anjeles an kori mutanen da ke zaune a lambun Echo Park cikin Maris 2021 aka kewaye shi da waya. Bayan shekara guda, masu bincike na jami'ar UCLA suka bi sawun mutum 183 da aka yi wa rajista a wurin, 17 kacal suka tabbatar sun samu gidan zama na dindindin. Lambun ya yi tsaf, amma a lokacin wasu na titi, wasu na matsugunan wucin gadi, wasu kuma ba a san inda suke ba.

Dokta Lawal:
In ƙara a kan maganar magani, domin nan ne ake asarar rai. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, in aka yanke a tsakiya cutar na iya dawowa ta daina jin maganin. Mai shan maganin ƙanjamau kullum yake sha. Mai ciwon suga in insulin ɗinsa ta tafi, kwana kaɗan ya ishe shi ya galabaita. Mafi haɗari shi ne wanda ke kan maganin rage dogaro da ƙwaya, irin metadon. In ya yi kwanaki bai samu ba, sai ya koma wa ta kan titi, jikinsa kuma ya riga ya rage jurewa, adadin da yake sha a da yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Ga shi ya koma wani lungu shi kaɗai, babu mai ganinsa balle ya kawo ɗauki. Shi ya sa a Maris 2020, da korona ta ɓarke, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a tarwatsa irin waɗannan sansanoni sai in akwai ɗakin da za a kai kowa, domin tarwatsawar na yaɗa cuta tana kuma raba mutane da masu kula da su.

Alhaji Tukur:
To Dokta, barin su a haka ba ya yaɗa cuta?

Dokta Lawal:
Yana yaɗawa ƙwarai, ranka ya daɗe. A San Diyego ta Amurka an samu ɓarkewar ciwon hanta nau'in A a 2017, mutum kusan 600 suka kamu, 20 suka rasu, yawancinsu marasa matsuguni ne ko masu ta'ammali da ƙwaya. Ta bahaya cutar ke bi zuwa baki, kuma mutum kan yi kamar mako huɗu kafin alamu su bayyana, alhali yana yaɗa ta tun kafin idonsa ya yi rawaya. Abin da ya tsayar da ita shi ne allurar rigakafi da aka bi mutane da ita har inda suke kwana, da wuraren wanke hannu, da buɗe ban ɗakuna dare da rana. A lura, man goge hannu mai barasa ba ya kashe wannan ƙwayar cuta yadda ya kamata, sai sabulu da ruwa. Wanke ƙasa kuma da ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa. Rigakafin allura biyu ce, wata shida tsakani, amma ta farkon kaɗai tana kare yawancin manya, saboda haka kada a ƙi yi wa mutum don ana tsoron ba zai dawo ta biyu ba.

Barista Zainab:
Kafin a yi nisa, bari in shimfiɗa ɓangaren doka, don ƙasa da ƙasa sun bambanta sosai.

A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta yankin yamma ta yanke a 2018, a shari'ar Martin da birnin Boise, cewa ba za a hukunta mutum don ya kwana a waje ba matuƙar babu gadon da za a ba shi. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan fahimta a shari'ar Grants Pass, alƙalai 6 suka rinjayi 3, ta ce birni na iya hana kafa tanti ya kuma ci tara. Amma hukuncin bai taɓa batun kaya ba. Tun 2012, a shari'ar Lavan, an hana Los Anjeles ƙwace kayan mutum ta lalata nan take don kawai ya bar su a gefen titi na ɗan lokaci. Jihar Oregon ta sa a doka cewa a liƙa sanarwa awa 72 kafin a tashi sansani, a kuma adana kayan mutane kwana 30.

Afirka ta Kudu ta fi tsanani. Sashe na 26 na tsarin mulkinta ya hana fitar da mutum daga mazauninsa ba tare da umarnin kotu ba, dokar 1998 ta fayyace yadda za a yi, kuma a shari'ar Olivia Road ta 2008 kotun tsarin mulki ta wajabta wa birni ya zauna da mutanen a yi magana ta haƙiƙa kafin a kai ga tashi. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa ma ya faɗa tun 1997 cewa ba a tashin mutane da dare ko cikin mummunan yanayi, kuma bai kamata tashi ya bar mutum ba wurin kwana ba.

Game da tara, a lissafa da kyau. Wanda ba shi da kuɗin haya ba shi da na tara. Bai biya ba, takardar kotu ta tafi adireshin da ba ya nan, bai halarta ba, a ba da sammacin kama shi. Ya kwana biyu a tsare, ya fito da tarihin laifi, mai gidan haya ya duba ya ƙi shi. Birnin da kansa ya ƙara wa aikinsa wuya ke nan.

Malam Habibu:
Madalla Barista. Injiniya, in an ce za a bar su na ɗan lokaci kafin a samu mafita, me wurin yake buƙata?

Injiniya Rabi'u:
Malam, ba sai an ƙirƙiro ma'auni ba, ƙa'idojin Sphere da ake aiki da su a sansanonin gudun hijira sun isa a fara da su. Ga mutum 60:

Ruwa aƙalla lita 15 ga kowa a rana, wato lita 900. Tanki mai lita 2,000 da ake cikawa bayan kwana biyu ya wadatar, a ɗora shi a kan dandamali, a zuba tsakuwa a ƙarƙashin famfo don kada wurin ya zama taɓo. In na sha ne, a riƙa gwada kulorin a bakin famfo, ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita.

Ban ɗaki ɗaya ga mutum 20 shi ne iyaka, wato uku, amma ni ba zan sa ƙasa da biyar ba in na tafi-da-gidanka ne. Ga dalili. Tankinsa kamar lita 225 yake ci, kuma lissafin masu ba da hayarsa shi ne ma'aikata 10 na awa 40 a mako, a kwashe sau ɗaya. Waɗannan kuwa a nan suke dare da rana. In aka yi kwangilar kwashewa mako-mako, kwana uku ya cika, mutane su koma bayan ginshiƙi, sai a ce ai an kawo musu sun ƙi amfani da shi. Kwangilar ta ce sau uku a mako aƙalla. Kada nisansa ya wuce mita 50 daga tantuna, a ware na mata mai sakata daga ciki, a sa fitila mai aiki da hasken rana a kan hanyar. Ban ɗakin da ke cikin duhu mace ba za ta je shi da dare ba, kuma tana da gaskiya. Ɗaya ya zama mai faɗin da keken guragu zai shiga. Kowanne da wurin wanke hannu a ƙofarsa.

Shara kuma ganga mai lita 100 ga kowane tanti 10, mai murfi, a kwashe sau biyu a mako ko fiye. Kwandon sirinji daban, mai kauri, a ɗaure shi da sarƙa, a canza shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, kada a jira ya cika.

Wuta ita ce ta fi ba ni tsoro. Ledar tanti cikin daƙiƙoƙi take kamawa, tana narkewa tana ɗiga a jiki, zif ɗin ƙofa ya maƙale. Mita 2 tsakanin tanti da tanti shi ne mafi ƙaranci, in fili ya ba da dama tazarar ta zama ninki biyu na tsayin tantin. A bar hanya a tsakiya wadda motar 'yan kwana-kwana za ta bi, a ja layi da fenti don kada a cinye ta da kaya. Girki a wuri ɗaya a fili, nesa da tantuna, tukwanen gas a wajen. Na'urar kashe gobara a inda kowa ke gani, a kuma nuna wa mutum biyar ko shida yadda ake zare fil ɗin a nufi gindin wutar. Ƙarƙashin gada kam bai dace ba ko kaɗan, nan na yarda da Alhaji. Haka bakin rafi da kwarin da ruwa ke bi. A nemi fili mai ɗan gangara, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, a ɗora tantuna a kan katako.

Dokta Lawal:
A haɗa da gargaɗin gawayi. Lokacin sanyi mutum kan shigar da kaskon wuta ko risho cikin tanti ya rufe ko'ina. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci, shi ke nan. In mutum biyu a tanti ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da su iska nan take a kira motar asibiti. Hana hita kawai ba ya aiki in ba a ba da bargo mai kauri da abin shimfiɗa mai raba jiki da ƙasa ba. Sannan a ajiye nalokson na fesawa a hanci, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, a hannun mazauna wurin, ba a ofis ba. In an fesa mutum bai farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3 a ƙara, kuma ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, domin ƙarfin maganin na iya ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar na nan a jikinsa.

Alhaji Tukur:
Injiniya, duk wannan da ka lissafa ai gari ka gina. Wa zai tashi daga inda aka kawo masa ruwa da wuta? Kuma wasu za su ji labari su taho.

Injiniya Rabi'u:
Wannan haɗarin na nan, Alhaji, ba zan ɓoye ba. Sansanin da aka ce na wucin gadi ne yakan daɗe in ba a buɗe masa ƙofar fita ba. Sansanin Dignity Village a Fotland ta jihar Oregon tun 2000 aka fara shi da tantuna, ya zama ƙananan ɗakuna na mutum kusan 60 masu tafiyar da kansu da dokokinsu. Wannan ya zauna lafiya saboda ƙarami ne. Wanda ke lalacewa shi ne babba, na tilas, a bayan gari. Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ta kwashe mutum sama da 1,000 ta zuba a filin wasa na Strandfontein cikin Afrilun 2020, a manyan tantuna, masu tarin fuka da masu fama da yankewar ƙwaya duk a haɗe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta soki wurin, kafin ƙarshen Mayu aka rufe shi. Shawarata kada a wuce mutum 50 zuwa 60 a wuri ɗaya, ya kasance kusa da motar haya da asibiti, a rufe rajista a ranar farko don kada ya riƙa ƙaruwa, kuma duk wata a fito da lissafin mutum nawa suka koma gida. In wata uku suka wuce lissafin bai motsa ba, to ajiye mutane kawai ake yi.

Kabiru:
Tambaya daga ƙaraminku. Ba akwai gidajen kwana na gwamnati da na ƙungiyoyi ba? Na ji ana cewa ana yi musu tayi suna ƙi.

Hajiya Asabe:
Ɗana, ka tambayi me aka yi musu tayinsa. Sau da yawa gado ne na dare ɗaya a zaure mai mutum 100. Miji da mata a raba su. Mai kare a ce ya bar karensa. Kaya jaka biyu kawai, sauran ka san inda za ka kai. A shiga kafin magariba, a fita da asuba, wanda ke aikin dare ya rasa. Ana sata, ana kwana da ƙwarƙwata, wanda ke da taɓin hankali ba ya iya barci cikin hayaniya. To mutum ya bar tantinsa da kayansa don gadon da ba shi da tabbacin samu gobe? In aka canza tayin ya zama ɗaki mai ƙofa da makulli, amsar takan canza. Ingila ta gwada a Maris 2020 da ta umarci ƙananan hukumomi su shigar da kowa ciki, aka yi amfani da otal-otal, mutanen da aka yi shekaru ana cewa ba sa so suka karɓa cikin kwanaki.

Malama Jummai:
Na yi shiru ina karantawa, yanzu an zo wurina. Hanya ta uku da Malam Habibu ya ambata ita ce mai aiki, amma sirrinta a jerin matakan yake. Rufe wuri shi ne na ƙarshe, kuma ba a sa ranarsa sai an ƙirga makullai.

Hustan a jihar Teksas ta rage marasa matsuguni da fiye da rabi daga 2011, ta hanyar haɗa ƙungiyoyi da hukumomi masu yawa a kan rajista ɗaya da jerin jira ɗaya. Kafin haka kowace ƙungiya da fom ɗinta, mutum ɗaya a yi masa tambayoyi iri ɗaya sau biyar ba a ba shi komai ba. Ga yadda aikin sansani ɗaya yake tafiya in za a yi shi da kyau, a ba shi mako huɗu zuwa shida.

Makon farko ba a kawo 'yan sanda, ba a liƙa takarda. Ma'aikata biyu-biyu suke shiga, su rubuta kowa da sunansa, da laƙabin da aka san shi da shi, da lambar tantinsa, da wanda yake so a zaunar da su tare, da ciwon da ke damunsa. Daga ranar an rufe jerin. A lokaci guda wata tawaga daban na bin masu gidajen haya. Wannan tawaga ita ce ƙashin bayan aikin, kuma ita ake yawan mantawa da ita a kasafi. Mai gida abu uku yake tsoro: rashin biya, ɓarna, da rashin wanda zai kira in rigima ta tashi. Sai a ba shi haya kai tsaye daga hukuma, da asusun gyaran ɓarna, da lambar waya da ake ɗauka ko da tsakar dare. Wani lokaci a biya shi ya riƙe ɗakin babu kowa na mako biyu kafin takardu su kammala.

Mako na biyu da na uku na takardu ne. A kawo masu yin katin shaida wurin da kansu, a ɗauki hoton kowace takarda a adana, don in ta ɓace kada a koma farko. Sannan a fara kwasa rukuni-rukuni, mutum 8 ko 10 a rana, da mota. Duk tantin da mai shi ya tafi, da izininsa a naɗe shi a ranar, don kada wani ya shiga. Wanda ɗakinsa bai shirya ba a ajiye shi a masaukin jira mai ƙofa, da ranar da aka yi masa alkawari. Sai an gama sannan a liƙa sanarwa, a wanke wuri, a mayar da shi ga amfanin jama'a.

Yarjejeniyar haya da sunan mutumin take, yana biyan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, kuma ba a gindaya masa sharaɗin sai ya daina sha ko ya fara magani kafin a ba shi makulli. Wannan tsari na gida da farko Sam Tsemberis ne ya fara shi a Niyok a 1992. Kanada ta gwada shi a birane biyar daga 2009 zuwa 2013 da mutum sama da 2,000, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka ba gida sun yi kashi 73 cikin ɗari na lokacin a zaune a gidajensu, waɗanda aka bari a tsohon tsari kashi 32. Finlan ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, ta riƙa juya manyan gidajen kwana zuwa ɗakunan haya. Wani a Helsinki mai gado 250 ya koma gidaje kusan 80. Marasa matsuguni a ƙasar sun sauko daga wajen 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022.

Alhaji Tukur:
Malama, a ba mashayi makulli ba sharaɗi? Matsalar ba ta bar gada ta koma bene ba?

Malama Jummai:
Alhaji, zan faɗi iyakar abin. Gida ba ya warkar da shaye-shaye. A gwajin Kanada ɓangarorin biyu ba su bambanta sosai ba wajen shan ƙwaya. Abin da tsarin ya tabbatar shi ne mutum yana zama a gidan, kuma likita ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sharaɗi kuma akwai, irin na kowane ɗan haya: biyan haya, rashin ɓarna, rashin takura wa maƙwabta, da yarda ma'aikaci ya riƙa ziyara. Inda yake rushewa shi ne in aka ba da makulli aka janye ma'aikata. Masu tsananin buƙata ma'aikaci ɗaya ga mutum 10 ne, matsakaita ɗaya ga 20. In aka ɗora wa ɗaya mutum 50 don rage kuɗi, sai ka ga abin da kake tsoro.

Barista Zainab:
Kuma sharar ma ba kyauta ba ce. Wani binciken ma'aikatar gidaje ta Amurka a birane huɗu ya nuna a 2019 sun kashe tsakanin dala 1,600 da 6,200 a kan kowane mai kwana a waje wajen fama da sansanoni, ban da kuɗin asibiti da na kurkuku.

Kabiru:
To mu da ba hukuma ba, maƙwabta kawai, me za mu iya?

Hajiya Asabe:
A fara da tambayar mazauna wurin abin da suke buƙata. Kuskuren masu niyyar alheri shi ne ƙungiya biyar su kawo dafaffen abinci rana ɗaya, sauran kwana shida babu, ragowar ya ruɓe ɓeraye su taru. A raba kwanaki, a tafi da robobin da aka kawo. Tulin tsofaffin tufafi in ruwa ya dake shi shara ne. Abin da ke ƙarewa kullum shi ne safa, audugar mata, jakar leda mai zif ta adana takardu, da wurin cajin waya. Kada a ɗauki hoton mutum a watsa, akwai matan da gudun mai dukansu ya kawo su wurin. Mai shago ya samu lambar tawagar ma'aikatan titi, ya kuma san mutum ɗaya ko biyu da ake jin maganarsu a sansanin, yawancin rigimar ƙofar shago da su ake kashe ta. Wanda ke da ɗakin haya ya karɓi mutum ɗaya. Sannan in an zo gina gidaje masu rahusa a unguwa, a je taron a goyi baya, domin sau da yawa masu kukan tantuna su ne kuma masu hana ginin.

Alhaji Tukur:
Wannan ta ƙarshen ta taɓa mu, Hajiya. Amma har yanzu ina da saura. An kwashe 60, an rufe gada. Me zai hana wasu 60 su zo?

Malama Jummai:
Babu, in haya ta ci gaba da fin ƙarfin mutane. Kamar kwarfar ruwa ne daga jirgin da ke yoyo. Los Anjeles ta lissafa a 2020 cewa kullum mutum 207 na fita daga rashin matsuguni, 227 na shiga. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya gano a shekarar cewa ƙarin dala 100 a matsakaicin kuɗin haya na tafiya da ƙarin kusan kashi 9 cikin ɗari na marasa matsuguni. Jihar West Bajiniya na cikin waɗanda ƙwaya ta fi yi wa ɓarna, amma masu kwana a titi ba su kai na Kalifoniya ba ko kusa, saboda ɗaki na da araha. Toshe yoyon yana nufin biya wa mutum bashin haya na wata biyu kafin a fitar da shi, da hana asibiti da kurkuku da gidan marayu sallamar mutum ba tare da an san inda zai kwana ba. Ingila ta sa wannan a dokar 2017, wadda ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta shiga maganar tun saura kwana 56 mutum ya rasa gidansa.

Dokta Lawal:
Abu ɗaya kafin a tashi, don kada a ɗauka aiki ya ƙare ranar ba da makulli. Wata ukun farko su ne masu haɗari. Wanda ya saba kwana cikin mutane yanzu shi kaɗai ne a bayan ƙofa, in ya sha fiye da ƙima babu mai gani. Wasu kan shimfiɗa a ƙasa kusa da ƙofa su ƙi hawa gado, wasu su koma tsohon wurin da rana saboda kewa, wasu abokai su cika musu ɗaki har mai gida ya fusata. A ziyarce shi sau biyu ko uku a makon farko, sannan mako-mako. Ya tarar da katifa, tukunya, fitila da abincin kwana uku a ranar da ya shiga. Tufafinsa da bargonsa a wanke su da ruwa mai zafin digiri 60 kafin su shiga ɗakin, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata. A mayar da fayil ɗinsa asibitin da ke kusa da sabon gidan tun kafin ya tare, a ba shi maganin mako biyu a hannu, a kuma bar masa nalokson a inda baƙo zai gani.

Injiniya Rabi'u:
Malam Habibu, a ƙara wannan a jerin: gadar da aka yi gobara a ƙarƙashinta, a sa masu duba gini su gwada kankaren da ƙarafan kafin a ce an gama da wurin.